Kifi mai sulke, dangin tarwaɗa

Masunta sun san tarwaɗa, da kurungu, da ramboshi, da minjirya. Masana sun ce dukansu dangi ɗaya ne: suna da gashin baki, kuma ba su da ɓawo irin na karfasa.

A Amurka ta Kudu, wajen kogin Amazon, akwai ƴan uwansu masu wata halitta dabam. Jikinsu rufe yake da ƙananan faifai na ƙashi, kamar sulken mayaƙan da. Shi ya sa ake ce musu kifi mai sulke. Manyan gidajensu biyu ne.

Gida na farko yana da iri wajen 200. Yawancinsu ƙanana ne. Sulkensu layi biyu ne a kowane gefen jiki. In ruwa ya gurɓace, sai su taso sama su haɗiyi iska, hanjinsu ya yi musu aikin huhu.

Gida na biyu ya fi yawa, irinsa ya wuce 900. Bakinsu yana ƙarƙashin kai. Da shi suke manne wa dutse, suna kankarar gansakuka. Wasu har itace suke gaigaya.

Gidajen biyu suna da ƙaya mai ƙarfi a baya da gefen ƙirji. In an taɓa su sai su miƙe ta, kamar yadda kurungu yake yi.

Mutane sun kai wasu ƴan gida na biyu ƙasashen waje don ado cikin akwatin gilashi. Daga baya aka zuba su cikin koguna, suka hayayyafa. A ƙasar Meziko masunta suna kiran su kifin shaiɗan. Ƙayarsu tana yaga raga. Suna haƙa ramu a gaɓar ruwa har ta zaizaye. Inda suka yawaita, kamun karfasa ya ragu, kuma ba su da kuɗi a kasuwa.

Darasin a nan shi ne: kada a zuba baƙon kifi cikin tabkin gari. In ƙungiyar masunta tana son iri, sai ta nemi shawarar ma'aikatan gandun daji tukuna. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Da me aka yi sulken wannan kifi?
2. Wace ɓarna ya yi wa masuntan Meziko?