Kafin Ka Hau Darbejiya Da Gatari

Ɗan'uwa mai datse rassa, ƙwarewa ba ta hana reshe karyewa. Wanda gara ta cinye cikinsa lafiyayye ne a ido, sai ka taka ya rufto da kai, kuma karayar ƙashin baya kan kwantar da magidanci har ƙarshen rayuwa.

Ka ƙwanƙwasa reshe kafin ka taka. Ka ɗaure ƙugunka da igiya mai ƙwari a jikin uwar bishiyar, kada ka ɗaura a reshen da kake sara. Gatari kuwa, a miƙo maka da igiya bayan ka zauna daram. In an yi ruwa, jira ɓawo ya bushe.

In wayar lantarki ta ratsa rassan, bari sai ma'aikata sun kashe layin. Wutar da aka ɗauke tana iya dawowa kana sama.