Darasi: Sitaci A Cikin Ƙwayar Magani

'Yan'uwa manoma, ƙwayar da ake ba ku a asibiti ba dukanta ce magani ba. Akan haɗa maganin da waɗansu abubuwa, a danne da inji har ya dunƙule. Ɗaya daga cikinsu shi ne sitaci, irin wanda ake tacewa daga masara, rogo ko dankali.

Mene ne aikinsa? In ƙwaya ta yi tauri ƙwarai, ba za ta narke da wuri a ciki ba, maganin ba zai shiga jini yadda ya kamata ba. Ga kuɗi sun tafi, ga ciwo yana nan. Sitaci kuwa yana jan ruwa, ya kumbura, sai ƙwayar ta dagargaje. Ƙa'idar masu haɗa magani ita ce, ƙwayar da ba a lulluɓe ta ba ta watse cikin minti 15.

Akwai kuma sitacin da aka sarrafa a masana'anta, yawanci daga dankalin Turawa, irin wanda ake nomawa a Filato. Wannan ya fi kumbura nesa, kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na nauyin ƙwaya ya isa. Da shi, ko da makamancinsa da ake samu daga auduga da itace, ake yin ƙwayar da takan watse a ruwa cikin minti 3.

Ku lura da amfanin wannan ga yara. Jariri ba ya iya haɗiye ƙwaya. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai gudawa sinadarin zinki kwana 10 zuwa 14, tare da ruwan gishiri da sukari. Uwa takan sa ƙwayar zinkin a cokali da ɗan ruwa mai tsabta ko nononta, ta watse, yaro ya sha.

To, abin da ke jan ruwa a ciki yana jan laima a ɗaki. Kada a ɓare ƙwaya daga ledarta sai za a sha. Kada a ajiye magani kusa da randa, musamman da damina. Wadda ta yi laushi ko ta tsage, a mai da ita wa ma'aikacin lafiya.

Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo, amma kada mu ruɗi kanmu: sitacin da aka shanya a bakin hanya, ga yashi ga akuya, ba mai sa shi cikin magani. Ƙungiyar da ke son kasuwar masu tace sitaci ta fara da kai musu rogo cikin kwana 2 da tonowa, tun bai soma baƙi ba.