Kafin ka riƙe wa 'yan kasuwar Gadarif harkarsu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ƙwararrun ma'aikata da dama sun baro Khartum sun sauka Gadarif. Wasunsu yanzu suna riƙe wa ƙananan kamfanoni biyu ko uku lissafi da shugabanci, kowanne kwana ɗaya ko biyu a mako. Sana'a ce mai kyau, amma yarjejeniyar baka tana kashe ta.

Ɗan'uwa, ku rubuta komai gaban shaidu: ranakun aikinka, iyakar ikonka, da wanda zai sa hannu a fitar da kuɗi. Ladanka kuwa, kada ka yanke na shekara guda, domin fam ɗin Sudan yana ta faɗuwa. A riƙa sake duba shi duk wata uku.

Kada ka haɗa dillalan riɗi biyu. Da kaka, a kasuwar amfanin gona, kowannensu zai zarge ka da kai sirrin farashinsa. Ɗauki mai riɗi ɗaya, ka ƙara da mai motocin dako ko mai injin niƙan dawa.

Kuɗin kamfani kuma kada ya taɓa shiga asusunka na manhajar banki ta Bankak, ko da na awa ɗaya ne.