Gigin Tsufa da Maganin Itatuwa: Darasi ga Muridai

 

A Gidimuni, kamar sauran garuruwan Damagaram, akan ga dattijon da ya shekara arba'in bai bar lazimi ba, sai ga shi ya riƙe carbi ya rasa inda ya tsaya, ko ya fita zuwa lambunsa na bakin tafki ya kasa gane hanyar gida. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce aljanu, in tsohuwa ce har a jefe ta da maita. Hausawa na kiran wannan gigin tsufa. Likitoci kuwa sun tabbatar cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho take kamawa ba. Mafi yawanta nau'in da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ne a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita sun haura miliyan 55.

Hukuncinsa a addini

Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya nuna akwai wanda ake mayarwa ga mafi raunin rayuwa har saninsa ya kuɓuce masa. Shugaba (S.A.W) ya kasance yana neman tsari daga hakan, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. A ɗariƙa ma malamai sun ba mara lafiya zaɓi game da wuridi. Don haka dattijon da ya manta laziminsa bai warware alƙawarin Shehu ba, kuma kuskure ne a tsorata iyalansa da cewa ya zame.

Abin da itatuwa suka bayar

Neman magani riƙon sababi ne, ba ya karo da tawakkali. Biyu daga cikin magungunan da asibitoci ke bayarwa a yau asalinsu tsiro ne. A Kalaba ta kudancin Najeriya akwai wani wake mai dafi da mutanen Efik ke kira esere, wanda a da ake ɗura wa wanda aka zarga da maita. A 1864 masana a Jamus suka tace sinadarinsa, daga baya aka gina maganin rivastigmine a kan tsarinsa. Na biyu shi ne galantamine, daga wasu furanni masu saiwa kamar albasa da ke fitowa a gabashin Turai, wanda Amurka ta amince da shi a 2001.

Aikinsu iri ɗaya ne. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin asetilkolin da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi, yana kuma raguwa ga mai wannan cuta. Magungunan suna rage saurin rushewarsa. Suna sassauta mantuwa na wani lokaci ga wasu, amma ba sa warkarwa, kuma suna iya jawo amai ko rage bugun zuciya. Waken da ya kashe mutane bai zama magani ba sai da aka auna shi, aka gwada, aka san gwargwado.

Abin da bai tabbata ba

An daɗe ana tallar ganyen ginkgo na ƙasar Sin. Sai aka gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar ba. Zogale da kurkum da habbatus sauda abubuwa ne masu amfani, amma yawancin binciken da ya danganta su da ƙwaƙwalwa a kan ɓeraye aka yi. Habbatus sauda tana da falalarta a hadisi, sai dai sanin cutar da za a ba ta da gwargwadonta aikin masana ne. Mai garin magani a kasuwa da ke rantsuwa zai dawo da hankalin tsoho cikin kwana bakwai, kuɗin iyali kawai zai ci.

Abin da ya hau kan muridi

Na farko, a kai dattijo likita, in ta kama har babban asibitin Damagaram. Wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 take, ko ciwon maƙoƙo, ko baƙin ciki, kuma waɗannan suna da magani. Na biyu, a kula da hawan jini da ciwon sukari tun da ƙuruciya, domin suna lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Na uku, a gaya wa likita duk wani jiƙo da ake ba shi. Na huɗu, kada a kulle shi a ɗaki don kunya. A riƙo hannunsa zuwa wazifa da zikirin Juma'a. Sau da yawa wanda ya manta sunan jikansa, da ya ji hailala sai leɓensa ya motsa. In ya maimaita tambaya sau goma, a amsa masa da taushi, domin Suratul Isra'i ta hana ko nuna ƙosawa ga iyaye a lokacin tsufansu. Wannan hidima tana cikin tarbiyya.

Allah Ya ba tsofaffin musulmi lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu, Ya sa kalmar shahada ta zama ƙarshen furucin kowa, albarkar Shugaba (S.A.W). Amin.