Kafin Ka Sayi Motar Lantarki a Majidaɗi, Jalingo

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, magidanta a Jalingo suka fara tambayar kuɗin mota ko keke mai aiki da lantarki. Tambayar tana bisa hanya. Sai dai duk wanda ya sayi irin wannan mota, batir ya saya, domin shi ne mafi tsada a jikinta.

1. Fara da wutar gidanka. Batirin Nissan Leaf ƙirar 2018 yana ɗaukar yunit 40, kuma a soket ɗin gida sai ya kwashe kusan awa 18 kafin ya cika daga ƙasa. Yi sati biyu kana rubuta awa nawa kamfanin lantarki na YEDC ke ba layinku wuta. Ka kuma tuna Afrilun 2024, lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe, Jalingo ta yi makonni ba wutar kirki. Idan da janareta za ka riƙa caji, an koma gidan jiya. Idan sola ce, haɗa kuɗinta da na motar tun wajen ciniki.

2. Kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali, musamman a takumbo. Leaf tana da ma'aunin lafiyar batir mai layi 12. In ka ga saura 8 ko 9, batirin ya riga ya sha jiki, kuma tafiyar da zai yi ta ragu ke nan har abada. Sa a jona na'urar gwaji a gabanka, sannan ka tuƙa motar da iyakwandishan a kunne, ka ga yadda cajin ke sauka. Yawancin kamfanoni suna ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, amma motar da aka shigo da ita daga Amurka garantinta ba ya biyo ta Taraba. Abin da dillali ya yi alkawari, ya rubuta ya sa hannu. A ganina, wanda ya ƙi rubutawa ba a ci gaba da ciniki da shi.

3. Zafin Maris da Afrilu yana tsufar da batir. Nemi mai sanyaya kansa da ruwa, ko nau'in LFP da ya fi juriya. Ajiye a inuwa, yi caji da dare, kada ka bari ya mutu murus.

4. Motar cikin gari ce: makarantar yara, kasuwa, ofis. Hukumar NADDC ta buɗe tashar caji ta sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, Maiduguri ma tana da motocin haya na lantarki, amma kada ka kama hanyar Wukari ko hawan Mambila sai ka tabbatar da inda za ka yi caji.

5. Nemo makanikin da ya san ta kafin ka biya. Wutar da ke cikin batirin tana iya kisa, ba aikin kowane mai gyaran wayar mota ba ne. Idan kogin Mayo Gwoi ya yi ambaliya motar ta nutse, kada a kunna ta, kada a kwana da ita kusa da ɗaki sai an duba.

6. Mai son keke don haya ya tambayi irin batirin. Na darma yana da araha amma ba ya daɗewa. Na litiyom ya fi tsada, ya fi ƙarko. Tambayi kuɗin sabon batir yau, ka raba shi bisa watannin da zai yi, ka riƙa cire wannan daga balas kowane wata.