GIRKIN HUNTURU DA AIKATAUNSA: DARASI DAGA KASUWAR MUDA LAWAL

Gabatarwa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris iskar hunturu take kaɗawa a ƙasar Hausa. Busasshiyar iska ce mai fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ɗauke da ƙura, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa. Da yake babu laima a sama da za ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, dare da asuba sukan yi sanyi ƙwarai. A wannan lokaci kowa abinci mai zafi yake nema, musamman ɗalibi mai lacca da sassafe, wanda kuma aljihunsa ba shi da nauyi.

Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna cewa girkin hunturu darasi ne na aikatau. Mu da muka koyi Hausa bayan harshen uwa, har ma da wasu matasan da suka tashi da ita, mukan riƙe kalma ɗaya tak, wato "dafa", mu ɗora mata kowane irin girki. Wanda ya ce "na dafa kunu" za a gane nufinsa, amma kunnen Bahaushe zai ji wani iri, malamin insha'i da na fassara kuma ba za su bari ya wuce ba. Kunu damawa ake yi, tuwo tuƙawa, miyar kuka kaɗawa. Zan bi waɗannan girke-girke ɗaya bayan ɗaya, tun daga cefane har zuwa kwano.

Cefane

Kasuwar Muda Lawal ta garin Bauchi ta yi suna wajen kayan abinci, wato hatsi da doya da kayan gwari da 'ya'yan itatuwa. Hunturu lokaci ne mai kyau na shigarta, domin an gama kaka, sabon gero da dawa da masara da wake sun shigo, tumatir da attarugu na noman rani kuma sun fara yawa. Dankalin Turawa daga Filato yake gangarowa, citta kuwa kudancin Kaduna aka sani da nomanta. Hatsi ana auna shi da mudu ko gwangwani, kayan gwari kuma a kasa su kashi-kashi. Ga misalin yadda ciniki yakan kasance tsakanin ɗalibi da dattijo mai awo:

"Salamu alaikum. Baba, ina kwana? Yaya sanyi?"
"Lafiya lau, ɗana. Sanyi lokacinsa ne."
"Nawa ne mudun gero? A yi mini ragi, ɗan makaranta ne."
"Albarka. Ƙara dai kaɗan, zan yi maka gyara."

A lura da kalmomi biyu. "Albarka" a bakin mai sayarwa na nufin tayin bai kai ba. "Gyara" kuwa ita ce 'yar ƙarin da ake yi wa mai saye bayan an auna.

Kunu: Damawa

Kunun tsamiya shi ne mafi sauƙin abin da za a karya kumallo da shi. Ana surfa gero a turmi don dusa ta fita, a wanke, a shanya, sannan a kai niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Waɗannan su ake kira kayan yaji ko kayan ƙamshi, kuma su ne suke ɗumama jiki. Idan an niƙo sai a tankaɗe garin. A jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, a tace ta. Daga nan a dama garin da ruwan tsamiyar har ya yi kauri, sannan a sheƙa masa tafasasshen ruwa ana juyawa da ludayi, a rufe shi na ɗan lokaci. Dalilin fara damawa da ruwan da ba mai zafi ba shi ne, in aka zuba busasshen gari kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, gudaji zai yi. In kuma ruwan bai tafasa sosai ba, kunun zai tsinke, ya zama salala.

Aikatau tara ke nan a kunu ɗaya: surfa, wanke, shanya, niƙa, tankaɗe, jiƙa, tace, dama, sheƙa. "Dafa" ba ta fito ba ko sau ɗaya. Idan kunun ya haɗu da kyau sai a ce "ya damu", wato kalmar nan dai da muke amfani da ita ga mutumin da hankalinsa ya tashi. Haka kuma idan aka ce "ana damawa da wane", ana nufin yana cikin waɗanda ake gudanar da al'amari da su.

Tuwo da Miya: Tuƙawa da Kaɗawa

Da dare kuwa, babu kamar tuwon masara ko na dawa da miyar kuka. Ana ɗora sanwa, wato ruwan girki a tukunya. In ta tafasa sai a dama ɗan gari da ruwan sanyi a zuba, wannan shi ne talge, wasu kuma su ce rude. Idan talgen ya nuna, sai a riƙa zuba sauran garin kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya har ya yi tauri daidai. A rage wuta, a rufe shi ya sulala, sannan a kwashe da mara, malmala-malmala. Wannan "tuƙa" ita ce ta tuƙa kwalekwale da tuƙa mota.

Miyar kuka ba ta bukatar kuɗi da yawa. A sa ruwa da daddawa da albasa da attarugu da gishiri da busasshen kifi ko ƙashi, a bari su dahu. Sai a riƙa barbaɗa garin kuka da hannu ɗaya, ana kaɗawa da maburgi da ɗaya hannun, don kada ta yi gudaji. Mai hali ya ɗiga man shanu. Aikatau ɗin "kaɗa" ma yana da faɗi: ana kaɗa miya, ana kaɗa nono, ana kaɗa ganga, ana kaɗa ƙuri'a, iskar hunturu ma kaɗawa take yi.

Tuwon da ya kwana ba a zubar da shi. Da safe a mayar da shi kan wuta a ɗumama, ya zama ɗumame. Sanyin hunturu yana taimakawa, domin tuwo da miya ba sa saurin lalacewa kamar yadda suke yi da bazara.

Fate: Tukunya Ɗaya

Ga ɗalibi mai tukunya ɗaya da risho ɗaya, fate ne mafita. A jajjaga tumatir da attarugu da albasa, a soya su da manja, a tsai da ruwa. A zuba wake da dakakkiyar gyaɗa. In waken ya kusa nuna, sai a wanke tsakin masara a zuba, ana motsawa don kada ya kama. Daga ƙarshe a yanka yakuwa da alayyahu a sa, a ba su minti biyar a sauke. Haka ake faten doya da na dankali, da na acca wadda ake nomawa a Filato da kudancin Jihar Bauchi. A nan ma a kula: jajjage daban, daka daban, markaɗe daban. Jajjage yakan bar kayan miya da ɗan girma-girma, markaɗe kuwa laushi yake yi.

Abin Lura Ta Fuskar Nahawu

Na farko, giredin aikatau. A shekarar 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa zuwa giredi bakwai, bisa la'akari da wasalin ƙarshe da karin sauti. Madafi wuri ne mai kyau na gwada wannan tsari. "Ta dafa wake" giredi na ɗaya ne. "Ta dafe waken" na huɗu ne, wato ba ta rage komai ba. "Ta dafo wake" na shida ne, ta dafa a can ta kawo nan. "Wake ya dafu", ko "ya dahu", na bakwai ne, aikin ya kammalu sosai. Haka "kunu ya damu" da "tuwo ya tuƙu".

Na biyu, karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. A "ruwa ya tafasa", aikatau ɗin ƙi-karɓau ne na giredi na uku, karinsa ƙasa-sama-ƙasa. A "ta tafasa ruwa" kuwa, so-karɓau ne na giredi na ɗaya, yana farawa da karin sama. Haka nan "nuna" ta "wake ya nuna" da karin ƙasa take farawa, "nuna" ta "ya nuna mini hanya" kuma da karin sama.

Na uku, tsirar kalma. Ɗafa-goshin "ma-" yana samar da sunan kayan aiki ko na wuri: tankaɗe ya ba mu matankaɗi, tace ya ba mu mataci, dafa ya ba mu madafi. Wasalin "-e" a ƙarshe kuma yakan ba da sunan abin da aikin ya haifar: talga, talge, ɗumama, ɗumame, soya, soye.

Na huɗu, "ci" da "sha". Tuwo da ɗanwake da masa, wadda Kanawa suke kira waina, cin su ake yi. Kunu da koko da fate da farfesu kuwa sha ake yi, ko da da cokali ne, ko da akwai abin taunawa a ciki.

Kammalawa

A taƙaice, maƙalar ta nuna cewa kowane girki yana tafe da nasa aikatau, kuma wanda ya san aikatan ya san matakan girkin. Ƙamus irin na Bargery na 1934 zai ba mu ma'ana, amma ba zai nuna mana bambancin talge da tuwo a tukunya ba. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kafin hunturun ya wuce kowa ya zaɓi girki ɗaya, ya je Muda Lawal ko Wunti ya yi cefanensa da Hausa, ya roƙi wata Inna ko Gwaggo ta bayyana masa yadda ake yi, ya rubuta duk aikatan da ya ji tare da giredinsu. Sannan ya hura wuta ya gwada da hannunsa. Ko kunun ya tsinke a karon farko, a sake damawa, domin masu iya magana sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.