Gatarin kurege ba abin tonowa a ci ba ne

Jama'ar Gangara da ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, don Allah ku karanta wannan, ku kuma karanta wa wanda bai iya ba. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, kuma ba duk mai amai da gudawa da ake kawo mana ne gurɓataccen ruwa ya kayar ba. Tun da rashin tsaro ya raba mutane da gonakin nesa, tukunya ta koma jiran abin da daji ya bayar: tafasa, yaɗiya, anza, da bado daga tafkunan fadamar Rima da Bunsuru. Tsofaffinmu sun san waɗannan sarai. Sai dai yanzu yara ake aikawa nema, ga kuma 'yan gudun hijira da ba su san ƙasar da suka sauka ba.

Tsiron da nake ja muku kunne a kai shi ne gatarin kurege, wasu su ce baurere ko gudumar zomo. Da damina ba ya ɓoyuwa. Yana hawa kan ƙananan itatuwa, bakin kowane ganye ya lanƙwashe yana kama reshe, furensa ja da ruwan ɗorawa, kunnuwa shida sun juya sama. Idan rani ya shigo sai saman ya bushe ƙurmus, saiwar ta rage a ƙasa, doguwa, lanƙwasasshiya, cikinta fari. Mai yunwa zai ɗauka dankali ne ko 'yar doya. A Indiya da Sri Lanka likitoci sun daɗe suna karɓar mutanen da suka yi wannan kuskure.

Dafin da ke cikinsa sunansa kolcisin. Likitoci na ba da shi ga masu wani irin ciwon gaɓoɓi, amma a ƙwaya 'yar mitsitsiya da aka auna, domin tsakanin magani da ajali tazarar kaɗan ce. Kuma jiƙon da ake yi wa anza kwana da kwanaki har ɗaci ya fita, ko dahuwar da ake yi wa rogo, kada a dogara da su a nan. Wuta ba ta kashe wannan dafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda yake yaudarar masu jinya. Bayan 'yan sa'o'i da ci, baki da maƙogwaro su ɗau zafi, ciki ya murɗa, amai da gudawa su ɓarke. Daga nan wani sai ya ɗan lafa, 'yan uwa su ce an samu sauƙi, a fasa neman mota. Alhali dafin na can yana aiki: ya hana ɓargo yin jini, ya taɓa ƙoda da hanta da zuciya. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana, bayan mako ɗaya ko biyu gashin kansa ya fara zuba.

Wani matashi ya taɓa nuna mini bidiyo a waya, 'yan Sin suna dafa saiwar wani fure mai juyayyun kunnuwa, yana cewa ai ga namu nan ana ci. Wancan daban ne. Turawa na kiransa taiga lili, asalinsa Sin da Koriya da Japan, furensa ruwan lemo da ɗigo-ɗigo baƙi. Can ana noma shi a ci saiwarsa, ko da yake shi ma kyanwa in ta ci, ƙodarta ke mutuwa. Namu ma ana noma shi, a jihar Tamil Nadu ta Indiya, amma kamfanonin magani ake sayar wa irin. Babu inda ake zuba shi a tukunyar abinci.

Iyayena ungozoma da masu maganin gargajiya, da girmamawa nake roƙonku: kada a ba mai ciki ko mai naƙuda jiƙonsa, ko yaya ƙanƙantarsa. Makiyaya ma a kula, yana kashe awaki da tumaki.

Idan an riga an ci, kada a tsaya ɗura manja ko madara, ba sa karya shi. A nufi asibiti nan take, ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa ƙalau. A riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya in yana iya haɗiya. A ɗauko ragowar saiwar ko tukunyar a nuna mana, a faɗi lokacin da aka ci, a kuma taho da duk wanda ya sa hannu a kwanon, har wanda bai fara amai ba. Dafin ba shi da makari a asibitocinmu, sai dai a tallafi jiki da ƙarin ruwa da sa ido. In aka ce ku wuce babban asibitin Sabon Birni ko Isa, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ku kama hanya tun da sauran rana.